Shekarar da Muka Jira Bututun Bindiga

Khalifa da Ummi, wannan babin shi ne na fi daɗewa ina kewaye shi. Na rubuta muku ƙuruciyata a Fagge, da aurenmu, da zuwanmu Ingila, alƙalami bai yi mini gardama ba. Da na iso shekarar da babanku ya kai bindigarsa Birmingham, sai na rufe littafin, na yi wata biyu ban buɗe shi ba. Abin da kuka sani game da shekarar nan ba haka yake ba, kuma ni ce na bar ku a cikin rashin sanin.

Kun san kakanku Sarkin Baka ne a ƙauyensu, shugaban maharba. Babanku ya yi boko ya zama injiniyan gadoji, amma jinin farauta bai bar shi ba. Da muka zauna da gindinmu a Salford, kusa da Manchester, sai ya nemi lasisin riƙe bindiga. Ya cika takardu, 'yan sanda suka zo suka duba akwatin ƙarfen da ya kafe a bangon ɗakin ƙarƙashin bene, GP ɗinmu, wato likitan iyalinmu, ya sa hannu cewa lafiyarsa ƙalau, jiki da hankali. Akwai wani manomi can arewa da Manchester da barewa ke cinye wa shuka, shi ya ba shi izinin farauta a gonarsa. Ba ya taɓa kunamar bindiga sai ya yi bismillah. Ya dawo da nama, mu raba wa gidajen Hausawa, saura in yi kilishi a murhun gasa burodi, gidan ya yi kwana uku yana ƙamshin ƙuli da citta. Amma ba naman ne abin alfaharinsa ba. Yakan ce a ƙasar da ake duba fasfo ɗin mai suna irin nasa sau biyu, hukuma ta dube shi ta ba shi amanar bindiga. Ko ni ban san inda yake ajiye makullin akwatin ba, domin doka ta hana, shi kuwa doka da alƙawari abu ɗaya ne a wurinsa.

Ni kuma kun san ni. Tun ina 'yar makaranta nake hayar littattafan soyayya a bakin kasuwa, in ɓoye su a ƙarƙashin katifa. Har Ingila na sa ana yi mini aikensu a cikin buhun kuka da daddawa. Saboda su ne babanku ya raɗa mini Gimbiya, da farko da tsokana, daga baya sunan ya zauna. A cikin littattafan nan na koyi cewa mace mai ƙauna ita ce mai rufa wa mijinta asiri, ta haɗiye wuta ita kaɗai, a shafi na ƙarshe ya gane, ya riƙe hannunta, hawaye su zuba, komai ya daidaita. Na yarda da wannan kamar yadda na yarda gobe rana za ta fito.

Wata Asabar ya dawo daga filin da suke gwada harbi, fuskarsa a murtuke, ya ajiye mini wata takarda mai huda-huda a kan teburin kicin.

"Gimbiya, bututun ya ƙare."

"Wane bututu? Na famfo?"

"Na bindiga, Hajiyar littafi. Dubi nan. Da can harsashi biyar a wuri ɗaya suke shiga, ki rufe su da bakin kofi. Yanzu kowanne ya kama gabansa."

Ya yi mini bayani cewa a cikin bututun bindiga akwai wasu siraran layuka da aka sassaƙa a murɗe, su ne ke juya harsashi ya tafi a miƙe. Shekara da shekaru wuta tana lasar su har ta cinye su. Ya ce ba zai ƙara ɗaga ta a kan dabba ba, domin a raunata halittar Allah ta gudu ta mutu a daji alhaki ne. Na ce to ya sayi sabuwa mana.

"In bakin gatari ya dakushe, ƙota ake jefarwa? Shekara nawa kafaɗata ta saba da ita?"

Akwai bututun kamfani da ake samu cikin 'yan makonni a ɗaura. Bai so ba. Ya ji labarin wani tsohon Bature a bayan garin Birmingham, mai sassaƙa layukan nan ɗaya bayan ɗaya da wata tsohuwar na'ura, sannan ya yanka wa bututun zare daidai da jikin bindigarka, ya ɗaura, ya aika da ita gidan gwaji inda ake harba ta da ƙarfi fiye da ƙima, in ta jure a buga mata hatimi. Ba zan rubuta sunansa ba. Babanku Sarkin Maƙera yake ce masa. Mutumin ya ce layi yana da tsawo, a ƙalla wata goma, wataƙila ya zarce shekara. Babanku ya amince, ya kuma bar masa bindigar tun daga ranar, ya ce in tana gida za ta riƙa yi masa raɗa.

Farkon jiran nan ya yi mini daɗi, ba zan ɓoye muku ba. Mutum mai furfura ya koma kamar saurayin da aka sa wa rana. Duk Litinin ta farkon wata sai ya kira Sarkin Maƙera, su yi ta hira, ya fito yana murmushi ya ce saura mutum goma sha ɗaya a gabansa, saura tara. Ina kallonsa ta taga yana share akwatin da babu kowa a ciki, zuciyata tana cewa ashe haka yake in yana begen abu, ashe haka ya yi lokacin da yake jirana.

A cikin watannin nan ne abubuwa suka fara zamewa. Kai Khalifa kana aiki a Landan, ke Ummi kina jami'a, ba ku gani ba. Ya sauka daga tram, jirgin ƙasan cikin gari, a tashar da ya shekara ashirin yana sauka, ya tsaya yana waige-waige. Ya ja mu sallar la'asar ya yi raka'a shida. Na ce gajiya ce. Sai wata Juma'a ina goge masa farar shaddarsa, dutsen guga ya ci karo da wani abu mai tauri a aljihu. Harsashi ne, guda uku, masu rai. Mutumin da yake ƙirga harsashinsa kafin ya fita da bayan ya dawo, ya kulle su a wani ƙaramin akwati daban. Da ban yi guga ba, da su zai shiga masallaci. Na kai masa a tafin hannuna.

"Wa ya sa su a nan?" in ji shi.

"Abban Ummi, wa ke da makulli in ba kai ba?"

Ya dube su, ya dube ni. Shekara talatin da wani abu ina tare da shi, ban taɓa ganin tsoro a idonsa ba sai ranar. Sannan ya yi wata 'yar dariya, ya ce aiki ne ya yi masa yawa. Na taya shi dariyar. Bayan mako biyu na buɗe gwangwanin ganyen shayi, na tarar da makullin da doka ta hana ni sanin inda yake.

Na san abin da ya kamata in yi. In zaunar da shi, mu je wurin GP. Amma na san in GP ya ga abin da nake gani, dole ya sanar da 'yan sanda, lasisi ya tafi. Na riƙa hango motoci masu jiniya a ƙofar gidanmu, maƙwabta sun leƙo ta labule, a ce an kwashe makamai a gidan Musulmi. Na hango matan Hausawa a wurin biki suna rage murya suna cewa Injiniya fa ya taɓu. Sai na tuna wani abu na gida. Lokacin da kakana ya tsufa, ido ya yi rauni, ya ƙi barin hawan babur, Innata ce ta lallaɓa wurin bakanike ta ce in an kawo gyara ya ce ba a samu kayan ba. Babur ɗin ya zauna a gindin darbejiya har tsohon ya koma ga Allah, yana zagin 'yan kasuwar kayan gyara, mutuncinsa a cike. Ba wanda ya ji kunya. Na ce ashe magani yana hannuna. Bindiga tana Birmingham, layi yana da tsawo. Abin da ake bukata kawai kada layin ya ƙare.

Na ce masa zan je suna a Small Heath, wata unguwa a Birmingham, wurin ƙawata Hajiya Rabi. Na hau jirgin ƙasa da ƙunshin kilishi a jaka, domin ba a zuwa roƙon alfarma hannu rabbana. Rabi ta kai ni shagon Sarkin Maƙera a motarta, ta ce ita ba za ta shiga ba, wari yake mata. Wani dogon ɗaki ne a bayan wani gida, yana ƙamshin mai da ƙarfe. Wata na'ura tana jan sanda a hankali ta cikin bututu, ta mayar, ta sake ja, kamar mai saƙa da ba ya sauri. A bango akwai allo da sunaye da aka rubuta da alli. Na ga sunan babanku, na huɗu daga sama. Tsohon siriri ne, tabarau a rataye da zare a wuyansa. Da na faɗi ko ni wace ce, fuskarsa ta washe, ya share mini kujera da hularsa. Na ba shi kilishin, na yi ta kewaye-kewaye irin namu, sannan na faɗa masa komai da Turancina: tashar tram, harsashin aljihu, makullin gwangwani. Na ce abin da nake roƙo ƙarami ne. Ya riƙa mayar da sunan ƙasan allo. In ya kira, ya ce ƙarfe bai iso ba.

Ya miƙe ya kashe na'urar. 

"Madam, kin san abin da kika yi yanzu?"

"Na zo neman taimako ne. Tsakanina da kai."

"Mijinki duk wata sai ya tambayi ciwon ƙafar matata kafin ya tambayi bututunsa. Ba zan yi masa ƙarya ba. Kuma abin da kika faɗa mini ba zai fita daga kunnena ba. Da ba ki zo ba, da na gama na miƙa masa da zuciya ɗaya. Yanzu ba zan iya ba."

Na ce ban zo kai ƙara ba, asirin gidana na zo rufewa. Ya goge tabaransa.

"Saura kamar wata uku layinsa ya zo. Zan yi masa aikin yadda na yi alƙawari, ba zan ƙara rana ba, ba zan rage ba. Kafin in gama, ki gaya masa, ku ga likita. In likita ya ce lafiya lau, da hannuna zan ba shi. In ba ki gaya masa ba, ranar da ya zo karɓa ni zan gaya masa, in kuma sanar da hukuma. Gara ya ji daga bakinki."

Ya karɓi kilishin, ya yi godiya, ya rako ni har ƙofa. Da na shiga mota Rabi ta ce, "To, ya yarda?"

"Rabi, rami na zo cikewa, na haƙa rijiya."

Da ta ji yadda muka yi, sai ta tafa hannu. "Ke dai Bilki littattafan nan sun gama da ke. Nan kika ga ya yi kama da Fagge? Bature ne fa, ko matarsa ta yi fakin ba daidai ba sai ya faɗa." Ta ga ina kuka, ta miƙo mini gefen mayafinta.

Daga ranar muka zama mu biyu muna ƙirga kwanaki a gida ɗaya, shi yana ƙirgawa da murna, ni da fargaba. Na ce bari azumi ya wuce. Azumi ya wuce na ce bari a yi salla, kada in ɓata masa salla. Sau nawa na kai masa shayi da maganar a bakina, in ga yana shafa gemu yana kallon hotunan gonar nan, in haɗiye. A zuciyata ina jiran wani abu ya faru irin na littafi, ya warke dare ɗaya, ko na'urar tsohon ta lalace. Na'urar ba ta lalace ba. Wata Litinin da hantsi ina wanke shinkafa, ya shigo kicin da waya a hannu yana taka rawa, yana kirarin maharba irin na gidansu da ban ƙara ji ba tun muna amarci.

"An ɗaura, Gimbiya! Ta tafi gidan gwaji. Sati biyu in Allah ya yarda. Ki tanadi ƙuli!"

"Abban Ummi, zauna. Akwai magana."

Na faɗa masa a tsaye, hannuna yana ɗigar ruwan shinkafa. Ban rage komai ba. Na zata zai yi faɗa. Bai yi ba. Ya ajiye wayar a kan tebur a hankali.

"Yaushe kika je?"

"Ranar sunan nan na Small Heath."

"Wata uku ke nan. Wata uku ina kiran mutumin nan ina yi masa raha, yana sane, kina sane, ni kaɗai ne yaro a cikinku."

"Asirinka nake son rufewa."

"Kina tsammani ban san kaina ba? Na san ina ɓacewa, Hajiya. Tun kafin harsashin nan na sani. Ke nake jira ki faɗa, in samu wanda zan riƙe. Da kin zo mini, da na ji zafi, amma da ƙafata zan kai kaina. Sai kika ɗauki tsiraicina kika kai wa baƙo kafin ki nuna mini."

Cikin makon ya sa kwat ɗinsa ya je wurin GP, ya ce in jira a waje. Aka tura shi asibiti, aka yi gwaje-gwaje, aka faɗi sunan ciwon mantuwar da kuka sani. Da hannunsa ya rubuta wa 'yan sanda cewa ya mayar da lasisi. Suka zo su biyu, mace da namiji, a mota irin ta kowa, suka sha shayi, suka karɓi harsasan, suka yi masa godiya. Ko karen maƙwabta bai yi haushi ba. Duk abin da na ji tsoro har na tafi Birmingham, babu ɗaya da ya faru. Ya ce kada in gaya muku batun lasisin. In kun tambaya, in ce bindiga tana wurin maƙeri. Kuma can ɗin take.

Sau ɗaya ya ce in raka shi ya gan ta. Sarkin Maƙera ya ɗauko ta daga cikin tsumma, ya zare abin da ke rufe bayanta, ya miƙa masa ba harsashi. Babanku ya ɗaga ta wajen hasken taga ya leƙa ta cikin bututun. Ya daɗe. Sannan ya ce in zo in gani. Layukan suna murɗawa suna sheƙi har can ƙarshe, inda wani ɗan farin haske yake kamar sabon wata. Ban taɓa zaton ƙarfe zai yi kyau haka ba.

"Sarkin Maƙera, ka yi aiki," in ji shi. "Ka sayar wa wanda ba ya harbi sai ya tabbata."

Suka yi musabaha, tsohon ya riƙe hannunsa da hannu biyu. A jirgi muna dawowa ya juya fuskarsa wajen taga. Yana kallon gonaki.

Daga nan Gimbiya ta ɓace daga bakinsa, na koma Hajiya. Bai rage mini komai ba, bai ɗaga mini murya ba, amma kamar an sa gilashi a tsakaninmu. Na roƙi gafararsa ba sau ɗaya ba. Yakan ce, "Ki ba ni lokaci." Na ba shi, ina jiran shafin nan na ƙarshe da aka yi mini alƙawari tun ina yarinya. Na manta lokaci shi ne abin da ciwon yake ci. Kafin shekara ta zagayo, laifina ya goge daga kansa tare da sunayen tituna da na abokai. Wata safiya ya ce, "Gimbiya, ina hulata?" Na shiga banɗaki na yi kuka, domin na san ba yafe mini ya yi ba. Mantawa ya yi.

Abin da bai goge ba shi ne jiran. Ya koma watannin farko ya zauna a cikinsu. Kullum bayan karin kumallo sai ya tambaya ko bututun ya iso. Da farko na rantse ba zan ƙara yi masa ƙarya ba, na faɗa masa gaskiya. Ya ji ta sabuwa fil, ya dube ni da idon ranar Litinin ɗin nan, ya ƙi cin abinci har yamma. Washegari ya sake tambaya. Sau uku na yanka shi da wuƙa ɗaya. A na huɗu na ce bai iso ba tukuna.

"Ƙyale shi," in ji shi, yana murmushi. "Aikin hannu ba ya son gaggawa."

Wannan amsar ce kuka riƙa ji duk lokacin da kuka zo hutu, shekara biyu cur. Kuka ɗauka wani Bature ne ya riƙe wa tsoho mara lafiya kayansa har ya mutu bai ƙara fita farauta ba. Ranar sadakar uku, Khalifa, kana zaune a falo cikin mutane, aka tuna kilishin babanka, ka ce Allah ya isa tsakanin Baba da maƙerin nan. Ina bayan ƙofa da tiren ruwa a hannuna. Na ji, mutane suka ce amin, ban buɗe baki ba.

Mutumin ya gama aikinsa a lokacin da ya ce. Bai yi wa babanku ƙarya ko sau ɗaya ba, ni ce na roƙe shi ya yi, ya ƙi. Rabi ta ce har yanzu yana raye, ko da yake ya rufe shagon. Ka janye kalmar nan, Khalifa, ka janye ta a gaban mutanen da suka ce amin. Hakkin da ya rage na babanku yana wuyana, kuma wanda zai iya sauke mini shi ya tafi bai sauke ba. Ku ba za ku iya yafewa a madadinsa ba, ban kuma roƙe ku ba. In kun ɗaga hannu kuna yi masa addu'a, ku roƙa mini a haɗa mu a inda zai tuna komai, in sake tambayarsa.